Ƙaramar Motar Kaya da Manyanta: Abin da Tef Ya Nuna Mana a Tamale

A 'yan shekarun nan, duk inda 'yan kasuwa biyu ko uku suka zauna a Aboabo bayan la'asar, da wuya a tashi ba a taɓo maganar abin hawa ba. Kuɗin dako ya hau, mai ya hau, mai shago kuma ya gaji da jiran ɗan motokin da ya ce masa "ga ni nan zuwa" tun da hantsi. Shi ya sa duk wanda ya ɗan tara jari, ko ɗansa da ke Italiya ko Saudiyya ya turo masa wani abu, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya mallaki abin ɗaukar kayansa. Daga nan gardama ke tashi. Wannan ya ce motokin ya isa. Wancan ya ce in za a yi, a yi ta maza, a sayi Hilux. Na uku ya ce ai ga 'yan ƙananan motocin nan masu buɗaɗɗen baya, sai a yi masa dariya a ce, "Wannan kwalin ashanar?"

Ni mai sayar da kayan gini ne da hatsi, na fi shekara 30 a wannan sana'a, kuma a Changli nake zaune da iyalina. Abin da na lura da shi a irin wannan gardama shi ne kowa da ido yake awo. Ido kuwa maƙaryaci ne a kan mota. Saboda haka na bi waɗanda ke hannun mutanenmu da tef, na gwada da abin da masu ƙera su suka rubuta, ga kuma abin da na samu. Duk wanda zai saka jarinsa, ko gumin ɗansa da ke ƙasar waje, ya kamata ya san waɗannan lambobi kafin ya ce "na saya".

Wace mota ake nufi?

Kowane gari da sunan da yake kiranta. A Kano in ka ce Hijet, ko yaro ya gane, ko da motar ba ta Daihatsu ba ce. Tsofaffi kan haɗa su duka da sunan a-kori-kura, sunan da shi kansa ya faɗi aikinsu: sun zo ne su karɓe lodin da masu tura kura ke ci da shi. A Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ana ce wa irinsu Abossey Okai Macho, da sunan unguwar da ake sayar da kayan gyaran mota. Duk abu guda ake nufi: mota mai taya huɗu, kujera biyu, ba ta da hanci a gaba, inji galibi na ƙarƙashin mazaunin direba, sauran jikinta kuwa duk wurin lodi ne.

Asalinta Japan. Tun 1949 gwamnatin ƙasar ta ware wani aji na ƙananan motoci da take sassauta wa haraji, su suke kira kei. Daihatsu ta fito da Hijet a 1960, Suzuki ta biyo da Carry a 1961, Subaru ta kawo Sambar a wannan shekarar, Mitsubishi da Honda suka shigo daga baya. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe shi ne cewa girman waɗannan motoci doka ce ta yanka shi, mai ƙira bai da ta cewa. Daga watan Oktoba na 1998 zuwa yau, tsawo ba ya wuce mita 3.4, faɗi mita 1.48, tsayi mita 2, inji kuma 660cc. Lodin da aka yarda ta ɗauka kilo 350 ne. Shi ya sa in ka jera Hijet da Carry da Acty, kamar uwa ɗaya ta haife su. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1990 da 1998 sun ɗan fi ƙanƙanta, tsawonsu mita 3.3, faɗinsu 1.4.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Akwai motoci masu wannan siffa da ba sa ƙarƙashin waccan doka. Daewoo Labo ta Koriya, wadda aka ƙera daga 1991 har 2021, jikar Suzuki Carry ce, amma injinta ya kusa 800cc, lodinta kuma kilo 550. Tata Ace ta Indiya, da ta fito a 2005, tsawonta mita 3.8, tana ɗaukar kusan kilo 750. Su can "ɗan ƙaramin giwa" suke mata laƙabi. Akwai kuma sabuwar Suzuki Carry da ake haɗawa a Indonesiya, mai inji 1,500cc, tsawonta ya haura mita 4, lodinta ya kusa tan guda. Ga na China, irin su Changan da DFSK, masu girma iri-iri. Ke nan in dillali ya ce maka a waya "Carry ce", bai gaya maka komai ba tukuna. Tambaye shi wace Carry, ta wace ƙasa, injin nawa.

A jera su gefe da gefe

Bari mu ɗauki ta Japan, mai mita 3.4, mu ajiye ta kusa da motocin da muka saba gani.

Toyota Corolla, irin wadda ma'aikata ke hawa, tsawonta ya kai kusan mita 4.6, faɗinta kusan 1.8. Wato ta fi ƙaramar motar kaya tsawo da sama da mita guda, ta fi ta faɗi da kusan santimita 30. Hatta 'yan ƙananan tasin nan, Picanto da Matiz, sun ɗan ɗara ta tsawo. Wannan yakan ba mutane mamaki, domin ita tana da tsayi, tana tsaye ƙiƙam, sai ido ya ɗauka ta fi su girma.

Hilux mai ƙofa huɗu kuwa tsawonta kusan mita 5.3 ne, faɗinta 1.85. In ka lissafa filin da kowace ke ci in an ajiye ta, ƙaramar na cin kusan murabba'in mita 5, Hilux na cin kusan 10. Rabi ke nan cif. Wurin da za ka ajiye Hilux ɗaya a gaban shago, ƙanana biyu za su kusa shiga. Nauyi ma haka: ƙaramar ba lodi tana tsakanin kilo 700 da 800, Corolla wajen 1,300, Hilux ta haura 2,000.

To, yanzu a juya baya, a auna inda kuɗi yake. Bodin ƙaramar mota tsawonsa kusan mita 1.94 ne, faɗinsa 1.41. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa bai wuce mita 1.5 da 'yan kai ba, faɗinsa ma wajen haka. Ranar da na fara faɗin wannan a majalisa, wani abokina mai sayar da shinkafa ya rantse ba zai yiwu ba, sai da muka je da tef. Motar da ta fi tsawo da kusan mita 2, ita ce mai gajeren bodi da kusan santimita 40. Dalili a fili yake. Hilux ta kashe tsawonta a kan hanci da kujerun baya. Ƙaramar kuwa ba hanci, ba kujerun baya, fiye da rabin jikinta bodi ne.

Ba a nan kaɗai ta tsaya ba. A cikin bodin Hilux akwai tudun taya biyu da suka kumburo, suna cin wuri. Falankin filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4, wanda faɗinsa mita 1.22 ne, ba ya kwanciya sumul a tsakaninsu, sai ya hau kan tudun. A ƙaramar mota bodin shimfiɗe yake kamar tabarma, filawud ya kwanta lafiya, rabin mita ne kawai zai leƙo ta baya. Kwanon rufi ma haka. Sannan gefunanta uku duk suna sauka, dama da hagu da baya, ƙasan bodin kuma bai kai ƙugun mutum ba. Wanda bai taɓa ɗaga buhun masara ba ba zai san darajar wannan ba. Yaran da ke mana lodi sun sani. In an ce a sauke siminti daga motar da gefenta ke buɗewa, ba ka jin ƙorafi.

Wadda ta doke su duka a faɗin bodi ita ce Kia Bongo da 'yar uwarta Hyundai Porter, waɗanda suka cika tashoshinmu. Su ma ba su da hanci. Tsawonsu wajen mita 5, bodinsu wajen mita 3, lodinsu tan guda ko fiye kaɗan. Ga mai hatsi da ke zuwa ƙauye da gaske, daga nan lissafi ke farawa, kafin a kai ga Kia Rhino da manyan gingimari masu zuwa Techiman da Kumasi.

Bodi ya ɗauka, ƙashin bayan fa?

Nan ne mutanenmu ke faɗawa rami, kuma nan zan ɗan daɗe.

Faɗin bodi abu ne daban, ƙarfin ɗauka abu ne daban. Kilo 350 buhun siminti 7 ne. Bakwai kacal. Buhun taki ma 7. Buhun masara, in mai kilo 100 ne, uku da rabi. Kuma mu da ke saye a ƙauye mun san buhun da ake ɗinke wa baki da hula ya wuce kilo 100 nesa ba kusa ba. Labo mai kilo 550 tana ɗaukar siminti 11. Hilux da Bongo, masu tan guda, kusan 20. Amma in ka jera siminti a bodin ƙaramar mota, buhu 7 ko shimfiɗar farko ba su cika ba. Ido ya ga fili, zuciya ta ce a ƙara. Sai ka ga an yi 15, an yi 20, gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar raƙumi zai sha iska.

Na san abin da za a ce mini: ai tana ɗauka. E, tana ɗauka, jaki ma yana ɗauka. Gaskiya ne adadin 350 iyakar doka ce ta ƙasarsu, kuma motar na da ɗan rarar ƙarfi. Amma rara ba ninki uku ba ce. Wani bakanike a Lamashegu, dattijo da ya daɗe yana kwance waɗannan motoci, ya ce mini: "Alhaji, in sun kawo ta ba na tambayar abin da ya same ta. Sifirin nake dubawa. In ya miƙe kamar sanda, na san mai ita ɗan siminti ne ko ɗan ruwan leda." Daga sifirin sai kuloci, daga kuloci sai birki. Birkin da aka yi don ya tsayar da mota da lodinta, duka-duka tan guda da 'yan kai, shi ake so ya tsayar da kusan tan 2 a lokacin da akuya ta faɗo titi.

Taya ma abin dubawa ce. Yawancinsu inci 12 suke sawa, Hilux kuwa 16 ko 17. Tayar da ta dace da su ita ce mai kauri ta motar kaya. Da yawa in ta mutu sai su sa tayar ƙaramar tasi ta gwanjo don araha, a zuba lodi, a hau kwalta a zafin watan Maris, lokacin da zafin Tamale ke kai maki 40. Abin da ke biyo baya ba sai na faɗa ba.

Saboda haka tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo shawara ita ce: kayanka masu nauyi ne ko masu cika wuri? Mai katifa, mai robobi da bokitai, mai burodi, mai ƙwai, mai kujerun haya da rumfunan biki, mai kwanon rufi da filawud, mai kai katan-katan na taliya da sabulu shaguna, duk waɗannan bodi suke bukata, kuma ƙaramar mota ta fi musu Hilux. Mai siminti, mai rodi, mai ƙwarar kaɗe, mai waken suya, mai sayen doya ƙwarya-ƙwarya, shi kuwa nauyi ne matsalarsa. In ya sayi ƙarama, ko dai ya yi ta sawu, ko ya kashe ta cikin shekara guda.

Ita da motokin

A Tamale, abokin karawarta na gaskiya shi ne motokin, mai taya uku, wanda a kudu suke kira aboboya. Sunan kamfani ne, Motor King, ya bi dukkan irinsa, kamar yadda Omo ya bi garin sabulu. Shi ne ya kori kura da amalanke a garin nan, shi ke kai ruwa, shi ke kwashe shara, shi ke ɗauko gawayi da itace, ranar kasuwa kuma har mutane yake ɗauka.

In ka auna su, ba su da nisa da juna. Manyan motokin tsawonsu ya kusa na ƙaramar mota, bodinsu ma bai faye bambanta ba, sai dai sun ɗan fi ta tsukewa. Bambancin yana ƙasa. Injin motokin na babur ne, daga 150cc zuwa 250cc, taya ɗaya ce a gaba, kuma in ya sha kwana da lodi mai tsayi, yana son kifewa. Ƙaramar mota na da taya huɗu, inji kusan ninki uku, ɗakin direba mai rufi da ƙofa, ga gilashi da ke tare ƙurar hunturu da ruwan damina. A nasa ɓangaren, motokin ya fi araha sosai wurin saye, kowane yaro mai gyaran babur zai iya kwance shi, kayan gyaransa kuma har a ƙauye ana samu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma maganar hukuma. A watan Nuwamba na 2021 an hana aboboya hawa babbar hanyar Accra zuwa Tema. Mu a arewa abin bai iso mu ba, amma 'yan uwanmu da ke Nima da Ashaiman da Madina sun ji a jikinsu. Mota mai taya huɗu da lambar DVLA ba ta shiga wannan hani ba. Wanda ke kudu ya sa wannan a lissafinsa.

Lungu da ƙofar gida

Tsofaffin unguwanninmu ba a yanka su don mota ba. A Changli, da Zangon Hausawa, da cikin Aboabo, akwai lungunan da gida ya matso, kwata ta cinye gefe guda, mai koko ta kafa teburinta a ɗaya gefen. Santimita 37 da ke tsakanin faɗin ƙaramar mota da na Hilux a takarda ba komai ba ne. A lungu kuwa shi ne bambancin a sauke maka kaya a ƙofar sito, ko a sauke a bakin titi ka sake biyan 'yan dako.

Juyawa ma haka. Ƙaramar mota na iya juyowa gaba ɗaya a fili mai faɗin kusan mita 8. Hilux na bukatar kusan 13. Wanda ya taɓa shiga kasuwa ranar da take ci, ya tarar an toshe gaba, ya san abin da nake nufi.

Ɗan wana, wanda ke aiki a Italiya, ya taɓa bugo mini waya a kan zai saya wa mahaifiyarsa mota. Ita tana sayar da robobi da kayan kicin, tana bin kasuwannin Savelugu da Kumbungu da Tolon. Ya ce, "Baba, so nake in yi mata abin da za a gani. Hilux nake so." Na ce masa, "Ɗana, Allah ya yi albarka. Amma kafin ka turo ko sisi, sa ƙaninka ya auna ƙofar gidanku da lungun da ke zuwa wurinta." Aka auna, Hilux ba za ta shiga ba sai an rushe katanga. Da aka kai wa Hajiya maganar, ita abin da ta tambaya daban ne: "To, ranar suna ko biki, mutum nawa za ta ɗauka?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ba ta yi wa ƙaramar mota daɗi ba. Mutum biyu ne, direba da na gefensa. Hilux mai ƙofa huɗu tana ɗaukar biyar. Mai son mota guda ta yi masa kasuwa ta kuma kai iyali unguwa, ƙaramar ba tasa ba ce. Kuma ina roƙon 'yan uwa, bodi ba wurin zaman yara ba ne. Gefensa bai kai santimita 30 ba, birki ɗaya ya isa. A ƙarshe dai Hajiya ƙaramar ta zaɓa, ta ce unguwa ta hau yalo-yalo, robobinta ne ba sa iya hawa.

A kan babban titi

Inda ƙanƙanta ke zama riba a cikin gari, a nan take zama hasara a kan hanya. Inji 660cc ƙarfinsa wajen doki 50 ne, Hilux mai 2,400cc ta kusa ninka shi uku. Tankinta bai wuce lita 40 ba, na Hilux 80 ne. Daga nan zuwa Savelugu, kusan kilomita 25, ba matsala. Yendi, kusan kilomita 100, za ta je in an bi ta a hankali. Amma a ce za a riƙa zuwa Techiman da ita kowane mako, a kan hanyar da tireloli masu zuwa Burkina Faso ke gudu dare da rana, ni ba zan ba ɗana wannan shawara ba. In tirela ta gifta ta, iskar kaɗai sai ta girgiza ta. Abin da ya fi wannan, rashin hancin nan da ya ba ta dogon bodi, shi ne ya sa tsakanin gwiwar direba da abin da zai ci karo da shi babu komai sai fitila da gwangwani. A Corolla ko Hilux akwai inji da fiye da mita guda na ƙarfe a gabanka. A ita, kai ne a gaba.

Hanyar ƙauye kuma nata hukuncin daban. Tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 16 ne, Hilux ta haura 20. Da damina, in manyan motoci sun haƙa rami biyu sun bar tudu a tsakiya, cikinta na iya zama a kai. Amma da yawa daga cikin na Japan suna ja da taya huɗu, don manoman shinkafa aka yi su, kuma rashin nauyinsu na taimakonsu a taɓo. In ta kafe, samari huɗu sun isa su fitar da ita. Hilux in ta kafe da lodi, sai a nemo tarakta.

Abin dariya, a Amurka, ƙasar manyan motoci, inda Ford F-150 ke kusan kai mita 6, manoma sun fara rububin waɗannan 'yan ƙananan. Dokarsu ta yarda a shigo da motar waje in ta shekara 25, sai ga su suna odar tsofaffin Hijet da Carry daga Japan. Wannan rububi ya taɓa mu, domin kasuwar gwanjo guda muke ci da su.

Kafin a turo kuɗi

Ga mai odar kaya, ƙanƙantar tana da amfani tun daga jirgi. Kwantena mai ƙafa 40 cikinta kusan mita 12 ne. Ƙanana uku na shiga a jere a ƙasa, masu lodi kuma sukan yi dabara su ɗora wasu a sama. Hilux biyu ke shiga a jere. Kuɗin jirgi in aka raba, kowace mota nata ya ragu.

Amma ga babban tarko. Japan a hagun titi suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Nijeriya ta koma tuƙin dama a 1972, Ghana a watan Agusta na 1974, kuma dokar kwastan ta Ghana ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama. Ke nan in ka ga ta Japan da sitiyari a hagu, to juya shi aka yi. Akwai juyi na gwani, akwai na ɗan-koyo mai walda. Kada ka saya sai bakanikenka ya shiga ƙarƙashi ya duba inda aka yanka, inda aka haɗa, da yadda bututun birki ya bi. Na Koriya da na China da hagunsu suke fitowa, wannan matsala ba ta shafe su ba. Sai dai Labo galibi da injin gas take zuwa, mai saye ya tambaya ko an mai da ita ta fetur, in kuma ba a mayar ba ya duba ina zai riƙa shan gas a hanyar da yake bi. Haka kuma mota in ta haura shekara 10, akwai tarar tsufa da ake ɗorawa a Tema ban da kuɗin fito. Dillalin da ya ba ka farashi bai ambaci wannan ba, ka sake tambayarsa.

Kayan gyara kuma a tambaya tun kafin saye. Na Bongo da Porter da Hilux ko a Lamashegu za ka samu. Na wasu ƙananan sai an aika Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai, mota na kwance kwana uku ana jiran abin da bai fi tafin hannu ba. Zaɓi irin da ka ga tana da 'yan uwa a garinku, ko da wata ta fi ta kyau a hoto.

Na ƙarshe, kuma wannan ba ya cikin kowace takarda: wanda zai tuƙa ta ya shiga ya zauna kafin a biya. Ɗakin direban an auna shi ne da jikin mutanen Japan. Kujerar ba ta ja baya sosai, domin bangon bodi na bayanta, inji kuma na ƙarƙashinta yana turo zafi. Dogon mutum mai babbar riga gwiwarsa na dukan sitiyari, hularsa na gogar rufi. Direban Hajiya na farko mako biyu ya yi ya ajiye makulli, ya ce bayansa ba zai iya ba. Sai da aka samo wani gajeren yaro daga Kukuo, shi ke jan ta har yau.